Ina Ne Baya?

Buhu arba'in da uku na riɗi
Kawu Zubairu ya shigar a wayarsa
a rumfar awo, kasuwar Gadarif:
sunan manomi, nauyi, farashi.
Sai babban yatsansa mai kaurin turke
ya goga 'yar kibiyar nan ta ƙasa.
Shafi ya ɗauke. Fari fat.

Da magariba ya miƙo min wayar
kamar mai riƙe da mataccen ɓera ta wutsiya:
"'Yar nan, abin da kika ƙera ɗin
ya fi akuya cin takarda."

Ni na rubuta manhajar, ba ni da bakin musu.
Dare ya yi, wuta ta tafi yawonta,
batirin kwamfuta saura kashi goma sha tara,
jabana ta huce a gindin gado.
Na shiga cikin rubutun, na tarar da laifina:
ban taɓa gaya wa maɓallin nan komai ba,
na bar shi da halin da ya zo da shi.
Shi kuwa abu ɗaya ya sani:
shafuka a jibge suke kamar kisra a faifai,
ɗaga na sama, ka yar, kada ka tambaya.

Sai na tare shi a hanya.
Na ce: in an danna ka, dakata tukuna.
In allon haruffa ne a buɗe, shi kaɗai za ka naɗe.
In akwai lissafin da ba a adana ba,
yi sallama, ka tambayi mai shi.
In kuwa shafin farko ne, bakin ƙofa,
sai an ƙwanƙwasa sau biyu kafin ka fitar da mutum.

Na so in ƙara: kada ma ka bari ya fita.
Mudassir, abokin aikina, ya aiko daga Madani:
"A'a. Wanda ya ce zai koma, bar shi ya koma.
Ɗakin da ba ya buɗuwa ta ciki
sunansa daban ne."
Na goge layin.

Abin da ya hana ni barci wani ne.
Mutumin da ya shigo ta saƙon da aka turo masa,
ya faɗo tsakiyar manhaja kai tsaye,
bai bi ta zaure ba, bai gaida kowa ba,
in ya danna baya, ina zan kai shi?
Babu komai a ƙarƙashinsa, sai in na ƙaga masa.

Haka na faɗo garin nan.
Kakan Inna ya taso daga Haɗeja da niyyar Makka,
guzuri ya ƙare, ya ce bari ya yi damina ɗaya.
Damina ta haifi damina.
Ga mu nan, ciniki da Larabci,
faɗa da rarrashi da Hausa.
Ban taɓa ganin Haɗeja ba. An ce akwai kogi, akwai kifi.
Inna takan ce "gida", ta nuna yamma da haɓa,
ita ma ji ta yi.

Na zaɓa wa baƙon shafin farko,
na shimfiɗa masa shi tun bai sani ba,
ko da bai taɓa taka shi ba,
ya samu inda zai sauke ƙafa.
Kashi huɗu. Na adana, na rufe.

Da hantsi, ma'auni na ta kai da kawo,
Kawu ya shigar da buhu shida,
ya dube ni ta saman tabarau,
ya danna kibiyar da gangan.
Waya ta ce: "Buhu shida ba a adana ba.
A adana, ko a zubar?"

Ya daɗe yana kallon ta.
"Ta koyi ladabi," ya ce.
"Amma riɗi ba a zubar da shi. Sake kalmar."

Mai raksha na ta danna min oda.
Na zauna a kan buhu,
na ɗora kwamfuta a gwiwa.